Dattijuwa Ta Tafi a Kan Ƙafa Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan sana'a, har da waɗanda suka tsaya ɗaukar hoto maimakon kawo ɗauki, rasuwar a-kori-kurar gidanmu, wadda kowa ya fi sani da Dattijuwa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a gangaren da ke kaiwa ga gada, tana ɗauke da bulo sittin, bayan gajeriyar rashin lafiya ta kwana tara wadda aka ji, aka gani, aka yi kamar ba a ji ba. Ta rasu tana da shekara ashirin da takwas a hannunmu. Shekarunta na kafin ta zo gidanmu kuwa ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, mu ma ba mu matsa mata ba.

Na san sanarwar nan ta makara. Mako biyu ke nan da rasuwar, kuma a cikin mako biyun an yi ta yawo da wani labari game da abin da ya kashe ta. Labarin ya shiga tasha, ya shiga layin masu gyara, ya shigo har barandar gidanmu, ya raba mahaifina da amininsa na shekara arba'in, Baffa Mai Faci, wanda ya ɗaura wa marigayiya tayoyinta na ƙarshe. Labarin ƙarya ne, kuma na san bakin da ya fito. Baba ba ya gani yau shekara shida, duk takardar da ta shigo gida ƙanwata Auta ce ke karanta masa. Saboda haka, Auta, ki zauna ta wajen kunnensa na dama, wanda ya fi ji, ki karanta masa wannan daga farko har ƙarshe. Na san halinki na tsallake wurin da kika ga zai ɓata masa rai. Yau kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita kyakkyawa ce ba. Baba ya ce launinta na asali shuɗi ne, ni dai tun da na yi wayo da launin tsatsa na san ta. Ƙofar direba ba ta buɗuwa sai an ɗan ɗaga ta sama an lallashe ta. Gilashin gefen mai zaman banza da guntun katako aka tokare shi tun ina makaranta. Amma ina ƙalubalantar duk wanda ya taɓa ganin ta a gefen hanya da baki buɗe tana jiran janwe, ya fito ya faɗa. Ta ɗauki siminti, ta ɗauki rodi, ta ɗauki yashi jiƙaƙƙe, ta kwashe kayan masu tashi daga haya har da tukwanen furanninsu. Kwanon rufin da ke kanmu ita ta kawo shi. Ranar da naƙudar Auta ta tashi, ita ta kai Inna asibiti da rana tsaka cikin cunkoso, Baba na danna oda har ta dishe. Ba ta da hassada. Sababbin motoci su wuce ta suna walƙiya, ita tana nan da tafiyarta ta manya, sau da yawa kuma mu iske su a gaba an buɗe musu ciki ana fifita.

Waɗanda suka zauna da ita ba za su manta muryarta ba. Da safe in an murɗa makulli sai ta ce “kirrr, kirrr”, ta yi shiru kamar mai tunanin ko ta tashi ko ta ƙara minti biyar, sannan ta yi tari biyu, “uhum, uhum”, ta kama “gurum-gurum-gurum” ɗinta har yamma. Ba ta taɓa yin wani kuka ba tare da dalili ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekara ashirin da biyu Baba ya tuƙa ta, kuma yana da wata ɗabi'a da muka mayar abin dariya a gida. Kowace ƙafa tata notoci shida ke riƙe da ita, ashirin da huɗu ke nan gaba ɗaya. Kullum da safe, kafin makulli ya shiga, sai ya jawo sifanar tayarsa daga bayan kujera, doguwa, mai kauri, wadda ya naɗe wa mariƙi da robar tsohon tif har tafin hannunsa ya goge ta tana sheƙi. Ya fara da ƙafar gaba ta hagu. Ya sa ta a kan noti, ya ɗora nauyinsa ya ji ko zai motsa, sannan ya ƙwanƙwasa kansa sau ɗaya, “ƙwan”. Ba ya bin su a jere, in ya taɓa wannan sai ya tsallaka ga wanda ke fuskantarsa. Ana ruwa, ana sauri, mai kaya na tsaye yana duba agogo, shi ko a jikinsa. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce mutumin nan sai ya gama gaida notoci ashirin da huɗu kafin ya tambaye ta yadda ta kwana.

Ranar da idonsa ya kai inda ba zai ƙara hawa titi ba, ya kira ni bakin mota. Ya miƙo makulli da hannun hagu kamar abin banza, ya miƙo sifana da hannu biyu.

“Makulli kowa ma zai iya riƙewa,” in ji shi. “Wannan ce amanar. Ban ce ka wanke ta ba, ban ce ka yi mata fenti ba. Ka taɓa notocinta kafin ka fita, shi ke nan abin da na roƙe ka.”

Shekara shida ina yi. Shi kuma yana zaune a baranda kan kujerarsa ta roba, yana ƙirgawa da kunne. In na yi ashirin da uku sai ya yi gyaran murya, in koma in nemo wanda na tsallake. Wannan ƙirgar ita ce abin da ya rage masa na tuƙi, na san haka sarai.

Yanzu ga yadda ciwo ya samo asali. A tashar da muke layin kaya akwai wani abokin sana'a da muke kira Ɗan Ƙwalisa. Ya canza wa motarsa ƙafafu, ya sa tayoyi masu faɗi, masu manyan haƙora, a kan rim, wato ƙarfen da taya ke hawa, mai ƙyallin da mutum zai iya gyara hularsa a ciki. Tun daga ranar ban ƙara shan ruwa da daɗi a tasha ba. In na shigo sai a ce, “A ba ta hanya, Kaka ta iso.” Wani ya ce ƙafafunta kamar na keke. Wani ya ce in nema mata sanda. Ni kuma, mutum mai 'ya'ya uku da furfura a gemu, sai abin ya riƙa cina a rai. Wallahi ina jin kunyar rubuta shi. Mai ɗakina ta ce, “Kai da motarka ke ciyar da kai, ina ruwanka da bakin 'yan zaman benci?” Na ce mata ba ta san sha'anin maza ba. Na je na sayo guda huɗu irin na Ɗan Ƙwalisa, har da murafen da ke rufe notoci don kada a ga muninsu. Ga 'yan zuga na tasha, ina miƙa muku ta'aziyya ta musamman, tunda ku kuka fara saka mata albarka.

Na kai su shagon Baffa, domin tun da aka sayo Dattijuwa babu wanda ya taɓa kwance mata ƙafa sai shi. Ya zagaya tayoyin, ya taka ɗaya da ƙafa, ya dube ni ta saman tabarau.

“Wannan takalmin 'yan matan fa, wa za a sa wa?”

“Dattijuwa mana, Baffa.”

“Ita ta ce maka tana so?”

Na yi dariyar yaƙe. Ya girgiza kai ya ɗauko jak. A gabana ya yi aikin, kuma ina so a rubuta wannan a ajiye. Ya goge mazaunin kowace ƙafa da burushin ƙarfe har tsatsa ta fita. Ya fara ɗaura kowane noti da yatsunsa don kada ya hau a karkace. Bai taɓa bindigar iska ba, shi da ma ba ya yarda da ita wajen ɗauri. Da ya sauke mota ƙasa sai ya ɗauko sifanarsa mai awo, wadda ke yin “ƙas” in noti ya kai ɗaurin da ya dace, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsallakawa irin na Baba. Ashirin da huɗu, kowanne ya yi masa “ƙas”. Ya goge hannu ya ce in matso.

“Saurara, ɗana. Sabon rim da tsohuwar ƙafa ba su san juna ba tukuna. Akwai fenti a tsakaninsu. In ka yi tafiya, ka taka birki ƙarfe ya yi zafi ya huce, ka ɗora kaya ka sauke, sai su daɗa zama da juna, notin da na ɗaure yau ya sami sarari. Ba laifin kowa ba ne, halin ƙarfe ne. Ka yi kilomita tamanin ka dawo in sake bin su. Minti goma ne, ko zama ba za ka yi ba.”

Ya leƙa ya duba lambar tafiyar da ke gaban sitiyari, ya ƙara tamanin a kai, ya rubuta a jikin farin salatif, ya manna inda idona ba zai kauce masa ba. Har na shiga mota ya sake ƙwanƙwasa ƙofa.

“Kuma sifanar ubanka ta yi kauri, ba za ta shiga ramukan nan ba. Ka nemi siririya yau. Yau na ce, ban ce gobe ba.”

Na ce, “To, Baffa.” Daga nan tasha na zarce don a gani. Aka yi ta shewa, aka ce Kaka ta koma budurwa, aka ɗauke mu hoto ni da ita. Kafin hoton cikin mota na ɓare salatif ɗin Baffa na dunƙule na jefar, saboda yana ɓata tsari. Shagon masu sayar da sifana kuwa na ce sai gobe.

Auta, ga wurin da za ki so tsallakewa. Ki daure.

Washegari da safe na jawo sifanar Baba, na ɓalle murfin ƙafar gaba, na gwada. Ta ƙi shiga, kamar yadda Baffa ya faɗa. Na waiga. Baba na zaune a baranda, ya karkato kunnen dama, yatsunsa a shirye kan gwiwa. Abin da ya kamata in ce bai fi kalma goma ba. Amma in na faɗa, sai ya tambayi wane irin rim ne wannan da sifanar shekara ashirin da takwas ba ta shigarsa, ni kuma ban shirya jin abin da zai biyo baya ba. Sai na mayar da murfi, na sunkuya, na buga sifana a jikin ƙarfen ƙarƙashin mota. “Ƙwan.” Na dakata daidai lokacin da ɗora nauyi ke ɗauka, na sake bugawa. Har zagayawa na riƙa yi, shida a kowace kusurwa, don sautin ya fito masa daga inda ya saba. Da na cika ashirin da huɗu ya ce, “Madalla, Allah ya tsare hanya.” Na ce amin.

Safiya tara na yi haka. Na yi wa makahon ubana wasan kwaikwayo da sifanarsa, a ƙofar gidansa, kuma kullum yana saka mini albarka.

Kilomita tamanin ta cika tun kwana na biyu kafin azahar. Shagon Baffa a kan hanyata yake, ba sai na ratse ba. Na ƙirga daga baya, sau goma sha huɗu na wuce ta gabansa. In danna oda, ya ɗago sifanarsa mai awo yana yafuto ni, ni kuma in juya yatsa a iska, wato sai na dawo. Wani lokaci kaya ne ke jira. Mafi yawan lokaci kuwa ba na son a sake duba ni ta saman tabarau ne.

Marigayiya ba ta ɓoye ciwonta ba. Kwana na huɗu na fara jin wata 'yar rawa a ƙarƙashin kujera in na ɗan taka, na ce hanya ce. Kwana na shida na ga baƙin gari ya zubo daga ƙarƙashin murfin ƙafar baya ta hagu, ya yi layi a jikin rim. Garin ƙarfe ne, noti da rim ke cin juna. Ni kuwa na sa tsumma na goge don ƙyalli ya dawo, ko murfin ban ɓalle ba. Kwana na bakwai ta fara magana a fili. In na sha kwana sai ta ce “ƙwas, ƙwas, ƙwas”, in na miƙe ta yi shiru. Da yamma ina shigowa gida a hankali, Baba ya ɗaga hannu.

“Me nake ji a ƙafar baya ta hagu?”

Daga baranda fa, da kunne ɗaya, har ya san wace ƙafa ce.

“Kukan sabuwar taya ne, Baba. Haka irinsu suke yi.”

Ya ce, “To. Zamani ke nan.” Washegari na ƙara wa rediyon mota murya.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, Baffa bai zauna ba. Shi ne kullum bayan la'asar yake rufe shago ya zo ya zauna da Baba, ya ba shi labarin gari, ya riƙe hannunsa su taka zuwa bakin layi su dawo. A kwana na biyar ya ce wa Baba, “Ka ce wa ɗanka ya kawo mini motar nan in sake bin notocin.” Baba ya ce, “Kwantar da hankalinka, kullum yana taɓa su, da kunnena nake ji.” Sai Baffa ya ɗauka na sayi siririyar sifanar, hankalinsa ya ɗan kwanta. Ƙarya ɗaya na buga a jikin ƙarfe, ta rufe dattawa biyu.

Ranar Talata na ɗauko bulo zan kai wani gini a ƙetaren gada. Ina cikin gangara “ƙwas, ƙwas” ya koma “gwaf, gwaf, gwaf”, bayan mota ya fara rawa. Na ɗora ƙafa a birki. Sai na ji shiru na daƙiƙa ɗaya, sannan na ga wata taya mai faɗi, mai rim mai ƙyalli, ta wuce ni ta hagu tana tsalle. Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne, wannan irin tawa ce. Sai bayan Dattijuwa ya dafe ƙasa, ƙarfe ya kama kwalta yana ihu, sitiyari ya ƙwace, muka juya muka rungumi kan gada.

Tayar kuwa ba ta tsaya ba. A ƙasan gangaren akwai inda mutane ke jiran bas. Da idona na ga ta bi tsakanin wata mata mai riƙe da jariri da turken fitila, ratar ba ta kai kamu biyu ba, ta faɗa cikin tukwanen wani mai sayar da dashe ta farfasa su, sannan ta kwanta. Matar ko ihu ba ta yi ba, zama kawai ta yi a ƙasa ta ƙanƙame ɗanta. Har yau in na rufe ido ita nake gani. Ni na fito da ƙujewa a gwiwar hannu. Dattijuwa kuwa ƙashin bayanta ya lanƙwashe, injin ya tsage, ruwanta da manta suka haɗu suna bin kwalta. Abin da ta faɗa na ƙarshe shi ne “tsssss”, a hankali, har ya ƙare. Bakanike ya zo ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya cire hula, ya ce in yi haƙuri.

Jama'a suka taru. Wani ya ce, “Wane mugun ne ya ɗaura tayar nan?” Na buɗe baki na ambaci Baffa, na yi shiru daga nan. Ɗan Ƙwalisa, wanda ban san ta inda ya ɓullo ba, ya ce ai tsofaffin nan da bindigar iska suke ɗaure noti har ƙusar da notin ke hawa ta tsage. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kafin janwe ya iso, magana ta riga ni zuwa tasha.

A gida Baba ya shafa fuskata da kafaɗuna ya tabbatar ina nan gaba ɗaya, sannan ya ce, “Ka taɓa notocin yau da safe?”

“Ai ka ji, Baba.”

“Na ji,” in ji shi. “Ashirin da huɗu. To in ka taɓa su kuma ƙafa ta fita, daga ɗaurin farko ne.”

Bayan la'asar Baffa ya zo jaje. Ko zama bai yi ba Baba ya ce, “Tsaya nan. Shekara arba'in muna tare, na ba ka amanar ƙafafun motata, ashe ɗana za ka kashe mini? Koma inda ka fito.” Baffa ya juyo ya dube ni, wannan karon ba ta saman tabarau ba, ya cire su gaba ɗaya. Ni kuma na dubi ƙasa. Ya sa takalmansa ya tafi. Tun ranar kujerarsa na jingine a bango, Baba na zaune shi kaɗai daga la'asar har magariba, ba mai riƙe hannunsa zuwa bakin layi. In na ce in raka shi sai ya ce ƙafarsa na ciwo. A layin masu gyara kuma motoci sun daina tsayawa a shagon Baffa, ana nuna shi da baki ana cewa tsufa ya kama hannunsa.

Shekaranjiya na kasa daurewa na je. Na same shi zaune kan tsohuwar taya, ba aiki, yana goge sifanarsa mai awo. Na ce, “Baffa, me ya sa ba ka faɗa masa ba?”

“In faɗa masa me? Cewa ɗan da yake ƙirga wa ashirin da huɗu kullum ƙarfen banza yake buga masa? Ba da bakina zai ji wannan ba. Shagon nan in ya mutu ya mutu, na ci rabona. Amma abokina yana zaune shi kaɗai, kai kuma kana kallo.”

Na ce ko zai zo gida. Ya ce, “Shi ya kore ni. In ya aiko, zan zo.”

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu sababbi, cikin ƙoshin lafiya, musamman wadda ta gudu, ko ƙwarzane babu a jikinta don tsabar rashin kunya. Ta bar tsofaffin tayoyinta huɗu a bayan shagon Baffa, waɗanda da sauran tafiya a jikinsu aka yi musu ritayar dole. Ta bar jak ɗaya, guntun katakon gilashi, rediyo mai ƙarfin murya, da makulli wanda yanzu ba ya buɗe komai. Ta bar mai ɗakina, wadda ta faɗi gaskiya aka ce ba ta san sha'anin maza ba, kuma har yau ba ta ce “ai na faɗa” ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ta bar tsoho ɗaya da ya riƙe ta shekara ashirin da biyu ko noti ɗaya bai ɓace masa ba, da wani da ya gaje ta ya kashe ta a kwana tara.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a filin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan garejin bakanike, inda za a yanka ta da wuta a ɗora a sikeli. Ba a buƙatar masu hoto. Ɗan Ƙwalisa da jama'arsa an yafe musu zuwa, sun riga sun yi iya nasu. Duk mai son yi mana ta'aziyya ta gaskiya, kada ya zo gida, ya ɗauki motarsa ya kai shagon Baffa Mai Faci, ya gaya masa abin da ya karanta a nan. Wanda kuma ya canza taya kwanan nan bai koma an sake bin notocinsa ba, ya ajiye takardar nan ya tafi yanzu, matar nan mai jariri tana nan tana jiran bas a wani gangaren.

Zaman makoki a barandar gidanmu ne, bayan la'asar, kujera biyu kawai za a ajiye. Ɗaya ta mai gida ce. Ɗayar ba ni da ikon cewa a sauko da ita daga bango.

Auta, a cikin ambulan ɗin nan akwai notoci huɗu. Su na iya tsintowa a kan kwalta cikin shidan, mako biyu suna aljihuna. Ki zuba su a tafin hannun Baba. Shi ya san ƙusar da aka ɗaure fiye da kima tsinkewa take yi fat ɗaya, ya kuma san notin da aka bari ya yi ta rawa haƙoransa cinyewa suke yi. Yatsunsa za su gaya masa wanne ne, ba sai ya yarda da ni ba, don ban cancanta ba. Sifanarsa na goge ta, tana ƙarƙashin kujerarsa ta wajen dama, in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Ban roƙi ya bar mini ita ba. Abu ɗaya nake roƙo, ya aika a kira Baffa.

Nan takardar ta ƙare, Auta. Ki gaya masa ina tsaye a bakin ƙofa da takalmina a ƙafa, in ya ga dama ni zai aika.